Nauyin Mota da Tirela: Yadda Yake Shafar Rajista da Lasin Tuƙi

Duk wanda ya buɗe ƙofar direba ta motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, in ya duba jikin ginshiƙin da ƙofar take rufuwa a kansa, zai tarar da wata 'yar takarda da aka manna, cike da haruffa da lambobi. Direbobi da yawa sukan yi shekaru da mota ba su taɓa karanta ta ba. Amma a can Amurka, jami'in da ya tsayar da mota mai jan tirela yakan fara ne da wannan takarda kafin ma ya nemi ganin kayan da aka ɗauko. Lambobin da ke jikinta su ne suke nuna ko lasin da ke aljihun direba ya isa, ko kuwa ya karya doka tun daga ƙofar gidansa.

Abin da ake nufi da tirela a nan ya fi faɗin abin da aka saba ji a tasha. Ya haɗa da duk wani abu mai ƙafafu wanda ba shi da inji, sai an ja shi: daga ƙaramin amalanken da ake ɗaura wa mota a baya, zuwa keken ɗaukar dawaki ko jirgin ruwa, zuwa ɗakin kwana mai ƙafafu da iyali suke ja zuwa hutu, har ya kai ga doguwar tirelar kaya da aka sani.

Lambobin da ke jikin ƙofa

Amurkawa suna auna nauyi da laba, kuma laba ɗaya ta yi kusan giram 454. Lamba ta farko da za a gani ita ce mai ɗauke da haruffan GVWR. Ma'anarta ita ce iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera motar ya amince ta kai, idan an haɗa ita kanta motar da mai da direba da fasinjoji da kaya. Wato ke nan ba nauyin motar ba ne a yau ko gobe. Iyaka ce da aka yanke mata tun daga masana'anta. Kamfani yakan tsayar da ita ne bayan ya duba ƙarfin shasi da sifirin da birki da taya, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne yake yanke hukunci.

A ƙarƙashinta akwai GAWR, sau biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Wannan ita ce iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka, wato sandar ƙarfen da ƙafafun mota suke juyawa a bakinta. Mota tana iya kasancewa ba ta wuce iyakarta ta gaba ɗaya ba, amma aksul na baya ya wuce tasa, saboda an jibge kayan duka a wuri guda.

Lamba ta uku, GCWR, galibi a littafin mota ake samunta. Ita ce iyakar nauyin mota da tirelarta a haɗe. A da, kowane kamfani yana da hanyarsa ta fitar da wannan adadi, kuma sashen talla yana da baki a ciki. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fito da ma'auni guda mai lamba J2807, wanda manyan kamfanonin Amurka suka runguma a wajejen 2015. Cikin jarrabawar har da hawan wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba a ma'aunin Salshiyos, da na'urar sanyaya mota a kunne. Motar da injinta ya yi zafi ko ta kasa riƙe gudun da aka ƙayyade, sai a rage adadin da za a rubuta mata.

Akwai wani nauyi da ba a rubuta shi a jikin ƙofa, amma shi ne ya fi yaudarar mutane. Tirela ba ta tsayawa a kan ƙafafunta kaɗai. Bakinta yana danna ƙugiyar da ke bayan mota. A Amurka ana son wannan danni ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, domin in ya gaza haka tirela takan fara kaɗa gindi hagu da dama in an yi gudu, har ta kifar da motar da take janta. To, wannan nauyi a kan mota yake, don haka daga rabon kayanta ake cire shi.

Alal misali, a ɗauka akwai a-kori-kura mai GVWR na laba 7,000, wadda nauyinta ba kaya laba 5,200 ne. Abin da ya rage mata na ɗauka shi ne laba 1,800. Idan aka ɗaura mata tirela mai laba 8,000, bakin tirelar kuma ya danna da kashi 12 cikin ɗari, an cinye laba 960 ke nan, saura 840. Mutum biyar masu laba 170 kowannensu sun kai 850. Motar ta wuce iyakarta tun ba a ɗora ko jaka ɗaya ba, alhali kuwa tallar kamfani tana iya cewa tana jan fiye da laba 8,000 ɗin.

Dalilin da ya sa hukuma ta damu da nauyi

Dalili na farko yana cikin darasin fizis na aji huɗu na sakandare. Makamashin motsi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu. Motar da take da kilogiram 2,000, tana gudun mita 20 a daƙiƙa (kilomita 72 a sa'a), tana ɗauke da jul 400,000. Idan birkinta yana iya tare ta da ƙarfin niyuton 14,000, za ta tsaya bayan kusan mita 29. A ɗaura mata tirela mai kilogiram 1,500 wadda ba ta da birkin kanta. Makamashin ya zama jul 700,000, birkin kuwa shi ne dai na ɗazu, don haka sai ta yi mita 50 kafin ta tsaya. Ƙarin mita 21 ya fi tsawon ƙananan motoci huɗu a jere. Ba a ma sa lokacin da direba yake ɗauka kafin ya taka birkin a cikin wannan lissafi ba.

Daɗin daɗawa, duk wannan makamashi zafi yake komawa a cikin birki. A doguwar gangara birki yakan yi zafi har ya daina kamawa yadda ya kamata. Shi ya sa jihohin Amurka da yawa suka wajabta wa tirelar da ta kai laba 3,000 samun birkin kanta, wasu jihohin ma ƙasa da haka, su kuma ƙasashen Turai suka tsayar da kilogiram 750 a matsayin iyakar tirela marar birki.

Dalili na biyu shi ne hanya. Tsakanin 1958 da 1960 an gudanar da wani babban gwaji a kusa da garin Ottawa na jihar Ilinoyi, inda aka shimfiɗa hanyoyi na musamman, aka sa sojoji suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har kwaltar ta lalace. Daga sakamakon ne aka fitar da ƙa'idar da injiniyoyi suke amfani da ita har yau a matsayin kimantawa: ɓarnar da aksul yake yi wa hanya tana ƙaruwa ne daidai da nauyinsa idan aka ninka shi da kansa sau huɗu. In nauyin aksul ya ninka biyu, ɓarnar ta ninka 16. Aksul mai tan 10 yana cin hanya kamar yadda aksul mai tan ɗaya zai ci in ya wuce sau 10,000. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin ganin kuɗin rajistar babbar mota ya ninka na ƙaramar mota sau da yawa ba.

Lasin tuƙi

Kafin 1986 kowace jiha a Amurka tana yin yadda ta ga dama. A jihohi da dama, wanda yake da lasin ƙaramar mota yana iya hawa kan tirela ya kama hanya ba tare da an taɓa jarraba shi a kanta ba. Wasu direbobin kuma sukan mallaki lasin na jihohi da yawa, su rarraba laifuffukansu a kai, in an ƙwace ɗaya su fito da wani. A shekarar 1986 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta hana direban babbar mota riƙe lasin fiye da ɗaya, ta kuma kafa ma'auni guda ga ƙasa baki ɗaya. Daga 1 ga Afirilun 1992 ya zama tilas ga mai tuƙa babbar mota domin sana'a ya mallaki lasin da ake kira CDL.

Lasin ɗin aji uku ne, kuma biyun farko nauyi ne kawai ya raba su. Ana buƙatar aji A idan mota da tirela a haɗe sun kai laba 26,001 (kilogiram 11,794), muddin ita tirelar ta wuce laba 10,000 (kilogiram 4,536). Ana buƙatar aji B idan motar ita kaɗai ta kai laba 26,001, ko da tana jan tirelar da ba ta wuce laba 10,000 ba. Aji C na motocin da ba su kai wannan nauyi ba ne amma suna ɗaukar mutum 16 ko fiye har da direba, ko kaya masu haɗari.

Abin lura a nan shi ne, da iyakar da aka rubuta ake yin lissafi, sai fa in nauyin da sikeli ya nuna ya fi ta, a ɗauki wanda ya fi girma. Ma'ana, tirela tana iya zama fanko, amma doka ta ƙirga ta kamar an cika ta maƙil. Ga mutum uku, kowannensu yana jigilar kaya domin kuɗi.

Na farko yana da a-kori-kura mai ƙafa biyu-biyu a baya, GVWR ɗinta laba 14,000, da tirela ita ma mai 14,000. Jimla 28,000, tirelar kuma ta wuce 10,000. Wannan yana buƙatar aji A, irin lasin da direban doguwar tirela mai taya 18 yake riƙewa, ko da babu komai a cikin tirelar tasa.

Na biyu yana jan wannan tirela ɗin dai, amma da mota mai laba 11,500. Jimla 25,500. Lasinsa na yau da kullum ya ishe shi, duk da cewa motarsa ta fi ta na farko rauni, kuma ta fi ta wahalar tsayawa da wannan kaya.

Na uku yana da babbar mota mai laba 26,000 cif, da tirela mai 10,000 cif. Jimla 36,000, ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Amma a dokar tarayya bai shiga aji A ba domin tirelarsa ba ta wuce 10,000 ba, bai kuma shiga aji B ba domin motarsa ta gaza da laba ɗaya.

Mai karatu zai ga cewa fizis bai san wannan bambanci na laba ɗaya ba. Doka dole ta ja layi a wani wuri, kuma duk inda ta ja shi, kasuwa takan taru a bakinsa. Shi ya sa motocin haya da ake ba mutane su kwashe kayan gidansu da kansu ba sa wuce laba 26,000, kuma ake sayar da tireloli masu yawa da lambar 9,990 a jikinsu. Wani lokacin ma tirelar tana da aksul da zai ɗauki fiye da haka, kamfani ne ya rage lambar domin mai saye ya kuɓuta daga jarrabawa. Sai dai ya rage wa kansa abin da doka ta yarda ya ɗora.

Mutane suna gudun CDL ne domin ɗawainiyarsa. Akwai jarrabawar rubutu da ta duba mota da ta tuƙi, akwai binciken likita, kuma daga Fabrairun 2022 sai an yi horo a makarantar da hukuma ta yi wa rajista. Mai ratsa jihohi da kaya sai ya kai shekara 21. Iyakar barasa a jininsa kashi 0.04 cikin ɗari ce, rabin abin da aka yarda wa sauran direbobi a mafi yawan jihohi.

Dokar tarayya ta tsaya ne a kan sana'a. Iyalin da suke jan ɗakin kwanansu zuwa hutu ba su shiga ciki ba, an bar su ga jiharsu. Wasu jihohin ba sa neman komai, wanda hakan ke nufin dattijon da bai taɓa tuƙa abin da ya fi ƙaramar mota ba yana iya jan gida mai tan bakwai a kan babbar hanya. Wasu kuma sun toshe wannan kafa. A Kalifoniya, tirelar kwana mai ƙugiya da ta wuce laba 10,000, ko wadda ake ɗora bakinta a cikin bodin a-kori-kura in ta wuce laba 15,000, tana buƙatar lasin aji A na waɗanda ba 'yan kasuwa ba. Rigima takan taso ne wajen fassara kalmar sana'a: mai kai dokinsa gasar da ake cin kuɗi, ko mai jan kayan aikinsa zuwa inda zai yi gini, yana iya ganin kansa a matsayin mai tafiyar kansa, jami'i kuma ya gan shi ɗan kasuwa.

Rajista

A nan ne lamba ta uku take shigowa. Ban da iyakar da kamfani ya rubuta da nauyin da sikeli ya nuna, akwai nauyin da mai mota ya bayyana wa hukuma ranar rajista, wanda a kansa ake yanka masa kuɗi a jihohi da yawa. A wasu jihohin adadin ya ƙunshi motar ce kaɗai da kayanta, tirela tana da nata lissafi. A wasu kuma dole ya haɗa har da tirelar da za a ja. Wanda ya yi rajistar laba 10,000 domin ya biya kaɗan, aka auna shi aka sami 18,000, zai biya tara ko da bai wuce iyakar kamfani ba. Haka kuma wanda ya biya kuɗin laba 20,000 bai ƙara wa birkinsa ko sifirinsa ƙarfin komai ba. Takardar rajista shaidar biyan kuɗin hanya ce kawai.

Yayin da nauyi yake hawa, matakai suna ƙaruwa. Daga laba 10,001, mai ratsa jihohi domin sana'a yana buƙatar lambar shaida daga ma'aikatar sufuri ta tarayya, ya kuma bi dokokin sa'o'in tuƙi da duba lafiyar mota, ko da ba ya buƙatar CDL. Mutum na biyu na misalin baya a nan yake faɗawa. Bayan laba 26,000, ko in motar tana da aksul uku, ana yin rajistar da ake raba kuɗinta tsakanin jihohin Amurka da lardunan Kanada gwargwadon nisan da motar ta yi a kowannensu. Daga laba 55,000 akwai harajin tarayya na shekara-shekara, wanda yake farawa daga dala 100 ya tsaya a dala 550, kuma jiha ba ta sabunta rajista sai an nuna shaidar biyansa. Can ƙarshe akwai iyakar manyan hanyoyin tarayya: laba 80,000 (kusan tan 36) gaba ɗaya, 20,000 a kan aksul guda, 34,000 a kan aksul biyu da suke jere. Wuce haka sai da izini na musamman.

Yadda abin yake a Turai

Turawa sun ja nasu layin ƙasa sosai. A Tarayyar Turai lasin B yana ba da damar tuƙa motar da iyakarta ba ta wuce kilogiram 3,500 ba, da tirela mai 750. Ana iya jan wadda ta fi haka muddin jimlar ba ta wuce 3,500 ba. Tun 2013 akwai ƙarin horo mai lamba 96 da yake kai jimlar zuwa 4,250, sai kuma lasin BE na tirelar da ta kai 3,500. Ke nan abin da Ba'amurke yake ja da lasin ƙaramar mota, Bajamushe sai ya nemi lasin babbar mota kafin ya taɓa shi. A Faransa kuwa tirelar da iyakarta ta wuce kilogiram 500 tana da takardar rajista da lambar kanta.

Biritaniya ta nuna cewa waɗannan iyakoki ba kimiyya kaɗai take tsayar da su ba. Waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 an bar su da damar kilogiram 8,250 na mota da tirela, waɗanda suka zo bayansu kuwa sai sun yi jarrabawa ta daban. A 2021 ƙasar ta shiga ƙarancin direbobin manyan motoci, gwamnati tana neman masu jarraba su, sai ta soke jarrabawar ƙananan tireloli. Daga 16 ga Disambar shekarar, mai lasin B a Ingila da Sikotilan da Welis yana iya jan tirelar kilogiram 3,500 ba tare da an gwada shi ba. Ƙungiyoyin kiyaye haɗurra sun soki matakin, kuma suna da hujja, domin tazarar tsayawa da aka lissafa a baya ba ta ragu ba saboda an sauya doka.

A Nijeriya da Nijar

Wannan tsari ba baƙo ba ne a nan. Lasin Nijeriya, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 take bugawa tare da jihohi, shi ma aji-aji ne: aji B na motar gida ce da nauyinta bai kai tan uku ba, aji F na tarakta da injinan gona, aji G kuma na tirela mai kai da gindi. A ɓangaren hanya, ƙasashen UEMOA, waɗanda Nijar take cikinsu, sun amince a 2005 da doka mai lamba 14 wadda ta ƙayyade tan 11.5 zuwa 12 ga aksul guda na baya. Da ƙa'idar Ilinoyi ana iya lissafa abin da lodin da ya wuce kima yake jawowa: aksul ɗin da aka ɗora wa tan 15 maimakon 11.5 ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari kawai, amma ɓarnarsa ga kwalta ta kusa ninka uku. Kwarin da tayoyi suke haƙawa a kwaltar hanyoyin da tirelolin siminti da tankokin mai suke bi daga nan yake samo asali.

Motoci da yawa da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas daga Amurka suke, kuma takardar tana nan a jikin ƙofarsu, da laba da kilogiram gefe da gefe. Malamin da yake da irin wannan mota a harabar makaranta yana da kayan aikin darasi a hannu. Ɗalibai su kwafi GVWR, su nemo nauyin motar ba kaya daga littafinta, su ɗebe wannan daga wancan, sannan su raba abin da ya rage da 50 domin su ga buhun siminti nawa za ta ɗauka bayan an cire nauyin direba. In suka haɗa GAWR na gaba da na baya za su tarar jimlar galibi ta ɗara GVWR, domin kamfani ya bar sarari ga kayan da ba a raba daidai tsakanin gaba da baya ba, kuma ƙaramin adadin ne ake bi.